Fim ɗin Rio: buɗe keji kaɗai ba ya mayar da tsuntsu daji

Idan kana da yara a gida, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da Rio ba, katun ɗin nan da ya fito a 2011. Labarin Blu ne, wani shuɗin aku da aka sato daga Brazil tun yana ɗan tsako, ya girma a gidan mutane a Amurka bai iya tashi sama ba.

Jinsin Blu akwai shi a zahiri, sunansa Spix's macaw. Na ƙarshensu a daji ya ɓace a shekarar 2000, sannan a 2019 ƙungiyar IUCN ta ayyana cewa sun ƙare a daji, sai waɗanda ke hannun mutane. Fim ɗin ya kyauta da ya nuna wa yara masu fataucin tsuntsaye, domin su da saran itatuwa ne suka jawo hakan.

Inda ya kauce shi ne ƙarshensa. Blu ya faɗo daga jirgin sama, nan take ya buɗe fukafukai, shi ke nan ya iya. Ina! Tsuntsun da ya girma a keji tsokar ƙirjinsa ba ta da ƙwari, bai san shaho abin gudu ba ne, bai san inda ake samun abinci da ruwa ba. Aku a wurin iyayensa da 'yan uwansa yake koyon yawancin waɗannan.

Shi ya sa a watan Yunin 2022, da aka saki guda 8 a yankin Curaçá na jihar Bahia, sai da aka horar da su a wani ƙaton keji, aka kuma haɗa su da wani jinsin aku da ya saba da dajin don ya nuna musu hanya. Dajin ma busasshe ne mai ƙayoyi, ba kurmin Amazon da Rio 2 ya kai su ba.

To, ka bar yara su kalla, amma ka ƙarasa musu labarin. Idan yaronka ya ce a saya masa aku, ka tuna cewa akunmu mai jan wutsiya ma tun 2016 yarjejeniyar CITES ta hana fataucin wanda aka kamo a daji tsakanin ƙasashe, saboda kamun ya yi yawa.