Sunan Alƙalami da Sunan Yanka: Nazari kan Marubutan Waya

Lokacin da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sunanta ne a bangon littafin, kuma kowa ya san ƙanwar marigayi Janar Murtala ce. Haka marubutan da suka biyo baya a zamanin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano: suna a gaba, wasu har da hoto a baya. Yabo ko zagi, gidan marubuci yake zuwa kai tsaye. Zagin kuwa ya zo. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙone littattafan soyayya a bainar jama'a, a 2008 kuma Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Kano, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista.

Da adabin ya koma waya, sai wata al'ada ta kafu. Marubuciya tana da shafinta na Facebook inda take sa hoton suna da na biki da ta'aziyya, inda gwaggo da surukai da ƙawayen makaranta suke. Sannan tana da wani wuri daban, a Wattpad ko ArewaBooks ko zauren WhatsApp, inda take sakin labari shafi-shafi da sunan Ummu wance ko Maman wane ko wani laƙabin da ta zaɓa. Ba ta yarda wuraren biyu su haɗu.

A gari irin Kontagora ne ake gane dalilin haka sosai. Kano teku ce, mutum na iya ɓacewa a cikinta. Kontagora kuwa, garin Nagwamatse, duk da girmansa da baƙin da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta jawo masa tsawon shekaru, wuri ne da tambaya biyu kan kai ka ga asalin mutum: 'yar gidan wa ce, wa take aure. A ce malamar firamare ce ta rubuta labarin matar da kishiya ta raba da mijinta, ko yarinyar da kawunta ya lalata. In da sunanta na yanka ta sake shi a shafin da dangi ke gani, kafin la'asar an fara lissafin wa take nufi. Uwar miji za ta ce da ita ake. Makwabciyar da aka saki bara za ta ce an tona mata asiri. Mai karatu a ƙaramin gari ba ya yarda akwai ƙagaggen labari. A wurinsa duk labari gulma ce da aka sauya wa sunaye. Saboda haka raba wuraren biyu ba tsoro ba ne kawai, shi ne ya ba mata da yawa damar taɓa saki da fyaɗe da auren dole, abubuwan da ba a furtawa a tsakar gida. Kuma ba baƙon abu ba ne ga Bahaushiya, wadda tun asali alkunya kan hana ta kiran sunan ɗan fari ko na miji, ita ma a riƙa kiranta da sunan ɗanta.

Sai dai wannan rabuwa ba ta da ƙarfin da masu ita suke zato, kuma kuɗi ne ke fara karya ta. Al'adar kasuwar ita ce a saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama mai karatu a ce sauran na kuɗi ne, a turo 'yan ɗaruruwan naira zuwa asusu kaza, a aiko da shaidar biya ta lamba kaza. To, tun da Babban Bankin Najeriya ya kawo BVN a 2014, asusu na ɗauke da cikakken sunan mai shi, kuma yana bayyana ga duk wanda zai tura kuɗi. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. Ko ba wannan, manhajar Truecaller kan faɗi sunan da wasu suka ajiye lambar da shi, Facebook kuma kan ɗauki shafin ɓoye ya nuna wa ƙanin miji a cikin mutanen da wataƙila ya sani. Wasu kan ari asusun ƙane ko na ƙawa, sai rikicin ya koma na amana. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba: a 2016 ɗan jaridar Italiya Claudio Gatti ya bi sawun kuɗin da kamfanin ɗab'i ke biya, ya ce ya gano matar da ke rubutu da sunan Elena Ferrante.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba. Labarin da ba shi da uwa sananniya, kowa na iya ɗaukarsa. Ana kwafe shi daga zaure zuwa zaure a goge sunan, ana karanta shi a tashoshin YouTube ba da izini ba, marubuciyar kuma ba ta iya fitowa ta yi ƙara ba tare da ta tona kanta ba. Da Okadabooks ta rufe a ƙarshen 2023, waɗanda duk makarantansu suke can, ba su san su a wani wurin ba, dole suka sake tara jama'a daga farko. Mai ɓoye suna kuma kan yi asarar gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, domin a fili ake karrama gwarazanta, da suna da fuska.

Masu suka suna cewa laƙabi ne ya buɗe ƙofar batsa, kuma akwai gaskiya a ciki: wasu abubuwan da ke yawo a zauruka, da mahaifin mai rubutun zai gani, da ba a rubuta su ba. Amma ban yarda maganin shi ne a tilasta wa kowa sunan yanka ba. Mai rubutun batsa za ta sayi sabon layi ta ci gaba. Wadda za ta ajiye alƙalami ita ce malamar nan ta Kontagora, mai labarin yarinya da kawunta, domin ita ce gobe da safe za ta gaida uwar mijinta.