Barasa a Gorar Lemo

'Yan uwana mata, tun da Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a 1999, aka rufe gidajen giya a Zamfara, sai mu iyaye muka saki jiki. An kashe maciji ba a sare kai ba.

Yau saurayi a Talata Mafara ko Maradun ba ya neman mashaya. A gorar lemo ake ɗura masa ogogoro, ya zauna bakin titi yana kurɓa, mai wucewa ya ɗauka abin sanyi ne. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne haɗin gambiza: a jefa tramol ciki, ko a tsiyaya kodin, maganin tarin nan da gwamnati ta hana a 2018. Su ukun duk numfashi suke dannewa. Yaro ya kwanta a ce barci yake, da asuba a tashe shi salla ya ƙi motsi. Ogogoron kanta in an gauraya ta da metanol, makanta ce ko mutuwa, kamar yadda ta kashe mutane da dama a jihar Ribas a 2015.

Amma wallahi ni mu nake zargi. Ke uwargida, kin ji wari a bakin ɗanki, kin ga idanunsa sun kaɗa, sai ki ce wai mura ce, don kar kishiya ta ji ta yi dariya. Ke kuma budurwa, a gidan biki saurayi ya miƙo miki lemon da aka riga aka buɗe, kunya ta sa kin karɓa. Haba ƙanwata, kunyar me?