Bitar Koyon Rubutu a Jami'o'inmu: Ina Jan Biro?

Duk wanda ke bin al'amuran manyan makarantunmu ya san cewa tarukan bita kan rubutun nazari sun yawaita. Jami'ar Bayero da ke nan Kano da takwarorinta na Zariya da Sakkwato sukan shirya irinsu domin ɗalibai masu rubuta kundin digiri, haka kuma asusun TETFund, wanda aka kafa a 2011, yana ɗaukar nauyin horar da malamai yadda ake tsara takardar neman kuɗin bincike. Niyyar tana da kyau, kuma buƙatar a fili take. Abin da nake so mu duba, 'yan'uwa marubuta, shi ne ko fasalin da irin wannan bita ta saba ɗauka yana kai ɗalibi inda ake so ya je.

Galibi ga yadda abin yake tafiya a manyan makarantu. A tara ɗalibai a babban ɗaki kwana biyu ko uku, masana su yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya suna gabatar da lacca. Wannan ya yi bayanin yadda ake zaɓen batu, wancan ya nuna yadda ake jera manazarta, wani ya ja kunne kan satar fasaha. A yi tambayoyi, a raba takardar shaida, kowa ya kama gabansa. Ba shakka akwai amfani a nan, domin ɗalibin da bai taɓa jin bambancin ɗauko maganar wani da sace ta ba zai fita da haske. Amma a duk tsawon kwanakin nan ba wanda ya karɓi shafi ɗaya na rubutunsa ya karanta. An koya masa siffar kundi, ba a taɓa jimlarsa ba, alhali kuwa a jimla ciwon yake.

Mu da ke koyarwa a sakandare mun san inda ciwon ya samo asali. Aji ya cika maƙil, malami ɗaya ba zai iya duba insha'in kowa duk mako ba, sai a koma tambayoyin cike gurbi. Yaro ya gama aji shida bai taɓa rubuta shafi biyu an gyara masa ya sake ba. Ya shiga jami'a ya yi darasin sarrafa Turanci a shekarar farko cikin taron ɗaruruwa, sai a shekarar ƙarshe a ce ya kawo kundi mai babi biyar. To, me zai hana shi zuwa shagon kwamfuta a haɗa masa, ko a yau ya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, idan kuwa ya fara bushewa, aikin ya fi ƙarfin laccar kwana uku.

Abin mamaki shi ne, hanyar da ta dace ba baƙuwa ba ce a garin nan. A tsangayun cikin birni gardi yakan rubuta allonsa ya kai zaman darasu, alaramma ya bi rubutun harafi bayan harafi, ya nuna inda aka yi ɓata, a gyara, a wanke, gobe a sake. Haka kuma adabinmu na boko ya tashi. Bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, an ɗauko Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina aka kai shi Zariya a 1936, ya zauna wata shida yana rubutu East yana dubawa suna tattaunawa, har aka sami Magana Jari Ce. Imam yana da baiwarsa tun farko, amma zama da mai gyara ne ya wasa ta.

A Amurka ma darasin ɗaya ne. Jami'ar Purdue ta buɗe ɗakin koyon rubutu a 1976, ta kuma sa shi a intanet a 1994. Ƙashin bayan aikin irin waɗannan ɗakuna shi ne ɗalibi ya zo da abin da ya rubuta, ya zauna da mai duba masa su biyu, a tambaye shi me yake nufi da wannan sakin layi, ya koma ya sake da hannunsa. Ƙofar a buɗe take duk zangon karatu.

Akwai kuma wani giɓi da ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawan wannan bita da Turanci ake yi, kuma rubutun Turanci take nufa, alhali akwai ɗalibai masu rubuta kundinsu da Hausa. Tun 1980 aka zauna a Yamai aka daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa tsakanin Nijeriya da Nijar, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Duk da haka za ka ga mai digiri yana raba "yana" gida biyu, bai san bambancin "a kan" da "akan" ba, yana zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ kamar ado ce. Wannan ba ya gyaruwa sai an zagaye masa kalmar da jan biro a cikin nasa rubutun, sau uku ko huɗu, har hannu ya saba.

Saboda haka shawarata ga masu shirya bita ita ce a rage masu jawabi a ƙara masu dubawa. Kada a karɓi ɗalibi sai ya zo da shafi biyu na aikinsa. A raba su rukuni ƙanana, kowa ya karanta nasa a ji, a gyara, a ba shi mako biyu ya dawo da sabon zubi. Ɗaliban digiri na biyu da na uku za su iya ɗaukar wannan nauyi idan an horar da su an kuma ba su ɗan alawus. Takardar shaida kuwa a jinkirta ta sai an ga bambanci tsakanin zubin farko da na ƙarshe.

Mu ma masu sha'awar rubutu maganar ta hau kanmu. Wanda ya gama littafinsa ya garzaya maɗaba'a ba tare da wani ya duba masa ba, shi da ɗalibin nan jirgi ɗaya ya ɗauko su. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka nemi wanda zai karanta maka ba sani ba sabo, ka daure wa jan bironsa, sannan ka zauna ka sake. Allah Ya sa mu dace, amin.