Kalmomin Aro da Kunnen Mai Sauraro: Tarken Fassarar Littafi Mai Tsarki a Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi tarken wasu kalmomin addini waɗanda masu fassara suka zaɓa sa'ad da suke mayar da Littafi Mai Tsarki na Kirista, wato Baibul, zuwa harshen Hausa. Auna gaskiyar aƙida aikin malaman addini ne. Namu shi ne duba kalma da abin da take sa wa mai sauraro a zuciya. Ma'aunin da muka ɗauka kuwa shi ne kunnen manomin ƙasar Watari, wato yankin Bagwai da kewayenta a arewa maso yammacin birnin Kano. A irin wannan karkara gona na jingine da gona, kuma Kirista ɗan asalin Maguzawa yana cin kasuwa ɗaya da maƙwabcinsa Musulmi, yana fita gayya ɗaya da shi. Ra'ayinmu shi ne, duk sa'ad da mai fassara ya guje wa kalmar da waɗannan maƙwabta biyu suka yi tarayya a kanta, to ya mayar da Bahaushe Kirista baƙo a cikin harshen uwarsa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Fassarar

Wanda ya fara wannan aiki shi ne J. F. Schön, Bajamushe ma'aikacin mishan ta C.M.S., wanda ya soma buga sassan Sabon Alkawari da Hausa a 1857, ya kuma amfana da bakin Dorugu, yaron nan da Barth ya tafi da shi Turai. Bayan haka, a 1900 ayarin Bishop Tugwell ya iso Kano, amma Sarki Alu ya sallame su. A cikin ayarin nan akwai Likita Walter Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905, shi ne kuma ya ja ragamar fassarar da ta fito cikakkiya a 1932. An sake wata fassara a 1979, sa'an nan wasu suka biyo baya a wannan ƙarni, ciki har da wadda ake kira Sabon Rai Don Kowa.

A karkarar Kano kuwa, Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna. Aikin jinyar kutare ne ya buɗe wa mishan ta S.I.M. ƙofa a Yadakunya a 1937, daga bisani aka sami makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa, maƙwabciyar ƙasar Watari. Ke nan littafin ya riga mai karatunsa na karkarar Kano isowa, an kuwa zaɓi kalmominsa ba a ji ta bakinsa ba.

3.0 Kalmomin da Aka Gada

Duk wanda ya buɗe fassarar 1932 ko ta 1979 zai tarar da kalmomi irin su Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, hadaya da Zabura. Waɗannan duka daga Larabci suka shigo Hausa ta hannun malaman Musulunci, tun ƙarnuka kafin zuwan Turawa. A ganinmu masu fassara sun yi daidai da suka karɓe su, domin babu wata Hausa ta addini da ta wuce wannan. Ko Bamaguje mai yi wa iskoki yanka da sunan Allah yake kiran Mahalicci, kamar yadda Greenberg ya nuna a littafinsa na 1946 a kan Maguzawan Kano. Haka nan Larabawa Kirista da wannan suna suke addu'a har yau. Saboda haka masu cewa a cire kalmar daga Baibul na Hausa, don wai ta Musulmi ce, ba su da abin da za su ba manomin Watari a madadinta sai kalmar da kakanninsa ba su taɓa ji ba.

Sai dai kuma gadon kalma ba gadon ma'ana ba ne. Alal misali, idan Kirista ya ce Ruhu Mai Tsarki yana nufin ɗaya daga cikin Uku-Cikin-Ɗaya na aƙidarsa, alhali almajirin da ya yi tafsiri zai tuna da Ruhul Ƙudusi, wanda malamai suka fassara da Mala'ika Jibrilu. Haka kuma laƙabin Ɗan Allah: malaman tauhidin Kirista sun nace cewa ba haihuwa ta jiki ake nufi ba, amma kalmar ɗa a Hausa tana jawo tunanin aure da haihuwa nan take. A nan ba mu ga laifin mai fassara ba, domin saɓanin yana cikin aƙidun biyu ne, kuma da ya sassauta kalmar da ya ci amanar littafin da aka ba shi.

4.0 Sunaye Uku da Aka Yi Ta Juyawa

Inda muke da ƙorafi shi ne wajen sunaye. Fassarar 1932 ta ɗauki Kristi, daga Girkanci. Ta 1979 ta koma Almasihu, wanda Bahaushe ya riga ya sani, ya kuma fi kusa da asalin kalmar a Ibrananci, wato wanda aka shafa wa mai. Sa'an nan Sabon Rai Don Kowa ta sake komawa Kiristi. Wannan kai-da-kawowa ba ta da wani dalili na nahawu. Tana nuna wanda mai fassara yake hange ne a gabansa, ko Bahaushen karkara ko kuwa mai Hausar kasuwa da ya saba da Turanci.

Na biyu shi ne Ubangiji. Kalma ce ta Hausa tsantsa, daga uba da gida, kuma ta dace da tsohuwar al'adar Yahudawa ta sakaya sunan Mahalicci saboda girmamawa. Wata sabuwar fassara ta Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta maye gurbinta da Yahweh a Tsohon Alkawari. Ta fuskar ilimin Ibrananci hakan yana da hujja. Amma a ƙasar da mace ba ta faɗar sunan mijinta ko na ɗanta na fari, sakaya suna shi ne ladabi, don haka muna ganin an yi hasarar wata gada da ke tsakanin al'adun biyu.

Na uku shi ne Yesu a maimakon Isa. Ya kamata mu tuna da Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda fifita Annabi Isa a wa'azinsa. Mabiyansa sun watsu wajen Ningi, wasu daga zuriyarsu suka sadu da Miller a 1913, suka zauna a Gimi har ciwon barci ya tarwatsa garin. Mutanen nan da sunan Isa suka zo, amma littafin da aka miƙa musu da wani suna ya amsa musu. Yanzu dai Yesu ya zauna a bakin Kiristocin Hausa, ba ma cewa a tumɓuke shi, sai dai a san abin da aka bari a baya.

5.0 Kalma da Zaman Yau da Kullum

A fagen rayuwa ne nauyin kalma ya fi fitowa. Mu ɗauki alheri, wadda aka fassara babbar kalmar Bulus da ita, wato baiwar Allah da mutum bai cancanta ba, ba kuwa zai iya biya ba. Amma Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A ƙauye alheri yana tafe da ramuwa: wanda ka je wa gayya bana zai zo maka baɗi, wadda kika kai wa biki za ta mayar miki. Manomi zai iya jin wa'azin alheri ya tashi da tunanin bashi, wanda shi ne ainihin abin da Bulus yake rushewa. Kalmar tana da daɗi a kunne, amma tana bukatar mai wa'azi ya tsaya ya yi mata shinge.

Haka kuma ruwan inabi. Ga wanda ya tashi a gidan da ake dafa burkutu, tambayar ko Kirista zai sha giya ba ta wasa ba ce, musamman da yake ikilisiyoyin da suka fito daga S.I.M., wato E.C.W.A. da aka kafa a 1954, sun hana sha. Kalmar ruwan inabi ba ta nuna maye, alhali labarin Nuhu a littafin Farawa ya nuna cewa abin yana bugarwa. Muna zargin cewa a nan horon ikilisiya ya ɗan riƙe hannun mai fassara.

Akwai kuma inda fassarar ta tsaya a kan gaskiya har ta jawo tambaya. Magidanci mai mata biyu yana karanta labarin Ibrahim da Yakubu da Dawuda da Hausa sarai, ya ga gidajensu kamar nasa, har da kishi tsakanin Rahila da Lai'atu, sa'an nan a ce masa ba za a yi masa baftisma ba sai ya rabu da ɗaya. Taron bishop-bishop na Anglikan a Lambeth ya tsaya a kan wannan hani a 1888, sai a 1988 ya sassauta bisa sharuɗɗa. Wannan shaida ce cewa littafin da ya shiga harshen mutane yakan ba su bakin yi wa masu kawo shi tambaya.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, ƙarfin Littafi Mai Tsarki na Hausa yana cikin kalmomin da ya tarar a ƙasa, rauninsa kuwa yana inda ya yi aro alhali akwai na gida, ko ya ɗauki na gida bai kula da kayan da ke bayansa ba. Shawararmu ga masu sake fassara ita ce, kafin su buga, su karanta wa mutanen karkara irin na Watari da babbar murya, Kirista da Musulmi a zaune tare, su tambayi kowa abin da ya ji. Ga sassan Hausa na jami'o'inmu kuma, akwai aikin tara waɗannan fassarori tun daga na Schön a jera su, domin a cikinsu akwai tarihin rubutun boko da na kalmomin aro na fiye da shekara 160.