Alƙalan Gidan Kallo Da Shari'ar Launin Riga

'Yan uwana na gidan kallo, yau da ku nake, kuma ku yi haƙuri don ba zan sassauta ba. Daga Giyawa zuwa Goronyo, daga Wurno zuwa Rabah, duk inda aka tayar da janareta aka jera benci ranar Asabar, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu har ta fara ba ni tsoro. Ko maganar alƙalin wasa ake, ko ta kwantiragi, ko ta ɗan wasan da aka gurfanar a kotu, tambaya ɗaya muke yi: ɗan wace ƙungiya ne? Da an ba mu amsa, shari'a ta ƙare. In namu ne, an zalunce shi. In na abokan hamayya ne, dama can mun san halinsa.

Mu fara da alƙalin wasa, tunda shi ne ya fi shan zagi. Kun tuna daren 7 ga Fabrairu 2024, wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka tsakanin Najeriya da Afirka ta Kudu a Bouaké? Osimhen ya jefa ƙwallo ta biyu a raga, gari ya ɗauka da ihu, sai alƙali Amin Omar ɗan Masar ya je ya duba VAR, ya soke cin, ya koma can baya ya ba Afirka ta Kudu fenariti saboda ketar da Alhassan Yusuf ya yi wa Percy Tau. Babu sunan da ba a kira mutumin nan da shi ba a daren. An saye shi, ɓarawo ne, yana ƙin Najeriya. To, amma wa ya ba mu fenaritin da Troost-Ekong ya ci tun farko? Shi ɗin ne dai, da usur ɗin nan guda. Lokacin da ya busa mana, babu wanda ya ce an saye shi. Kuma duk wanda ya sake kallon hoton da sanyin rai ya ga cewa ɗanmu ya taɓa ƙafar mutum a cikin da'ira. Allah Ya taimake mu muka wuce a bugun fenariti, shi ya sa aka manta. Da mun faɗi, da har yau ana tsine masa.

Ku kuma 'yan Firimiya, kada ku noƙe. Ranar 30 ga Satumba 2023 aka soke ƙwallon Luis Díaz na Liverpool a gidan Tottenham da sunan satar gida, alhali lafiyayyen ci ne. Hukumar alƙalan Ingila da kanta ta amsa kuskure, har ta saki muryoyin masu VAR kowa ya ji yadda suka rikice. Me 'yan Arsenal suka ce a lokacin? Haka ƙwallo ta gada, a yi haƙuri. Ba a yi mako shida ba Newcastle ta ci Arsenal da ƙwallon Anthony Gordon mai cike da taƙaddama, sai ga masu ba da haƙurin nan suna rantsuwa cewa an haɗa baki ne don a hana su kofi. 'Yan Madrid kuwa tun Fabrairu 2023, da aka bankaɗo cewa Barcelona ta biya kamfanin Negreira, tsohon mataimakin shugaban kwamitin alƙalan Sifaniya, sama da Yuro miliyan 7 tsakanin 2001 da 2018, suka gama yanke hukunci, suka ƙwace kofunan Messi a baki. 'Yan Barca su ma ba sa son ko a ɗaga maganar, kamar biyan irin wannan kuɗi ga irin wannan mutum ba abin tambaya ba ne. Kowa da mudunsa biyu, kamar ɗan kasuwar da ke sayen shinkafa da babban mudu ya sayar da ƙarami, kuma in aka yi masa haka shi ne zai fi kowa kururuwa.

Na yarda, alƙalai na kuskure, wasu ma na cin hanci. Ba ni ne zan wanke su ba. Mun ga Janny Sikazwe ɗan Zambiya ya tashi wasan Tunisiya da Mali a minti na 85 a Janairu 2022, aka dawo, ya sake tashi kafin minti 90 ya cika. Mun ji abin kunyar 2013, lokacin da Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema a rana ɗaya, don neman hawa mataki. Kuma da aka zaɓi alƙalan kofin Afirka na Kwaddibuwa, babu ɗan Najeriya ko ɗaya a ciki. Duk wannan gaskiya ne. Amma kuskuren alƙali bai zama lasisin cewa duk wanda ya busa abin da ba ka so ɓarawo ne ba.

Abin da ya sa nake ɗaga murya shi ne wannan magana ba ta tsayawa a kan benci. Tana bin mu har fili. Dubi Kano Pillars, ƙungiyar da mu 'yan Arewa da yawa muke alfahari da ita. A Yuni 2019, a filin Agege da ke Legas, bayan kunnen doki da Rangers, magoya baya suka afka wa alƙali, aka ci tarar ƙungiyar naira miliyan 8, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. A Afrilu 2022 aka yi rikici a wasansu da Katsina United a filin Sani Abacha, aka farfasa motar baƙi, aka cire wa Pillars maki 3, kuma a ƙarshen waccan kakar ta faɗi daga babbar gasa. A Oktoba 2025 Shooting Stars ta farke ana dab da tashi, 'yan kallo suka sake ɓarkewa cikin fili, aka sake cire maki 3, aka ɗora tarar naira miliyan 9.5, aka kori Pillars, Masu Gida, daga gidansu zuwa Katsina. Ku gaya mini, wane alƙali ne ya taɓa yi wa Pillars ɓarnar da masoyanta suka yi mata da hannunsu?

Kuma ba sai mun je Kano ba. A wasannin da garuruwanmu ke yi da juna bayan girbi ko lokacin Sallah, wa ke riƙe usur? Malamin firamare ne, ko wani tsohon ɗan wasa da aka roƙa ya taimaka, ladansa bai wuce ruwan leda da kuɗin mashin ba. Babu VAR, babu ɗan sanda, wani lokacin ko layin fili ba a gani. Ya busa fenariti, sai a zagaye shi, a ambaci iyayensa, wani ya ɗauko dutse. Yaran da ke tsaye bakin fili suna kallo, kuma daga bakinmu suka koyi cewa alƙali maƙiyi ne. Gobe a nemi mai busawa a rasa, sai a ce ƙwallo ta mutu a karkara.

Mu koma kan kwantiragi, inda kowannenmu ya zama lauya. A 2025 Trent Alexander-Arnold ya bari yarjejeniyarsa da Liverpool ta zo ƙarshe, ya tafi Real Madrid. Bai karya doka ba, bai ƙi atisaye ba, har kofin Firimiya ya taya su ɗauka kafin ya tafi. 'Yan Liverpool suka ce maci amana ne, ya ci ya goge baki. A bazarar 2025 ɗin dai Alexander Isak, wanda ke da sauran shekaru a takardarsa da Newcastle, ya ƙi buga musu wasa har sai da aka sayar da shi ga Liverpool a kan fam miliyan 125. Me bakin nan da ya zagi Trent ya ce? Yaro ne mai buri, a bar shi ya ci gaba. Wanda ya cika alƙawarinsa ya zama maci amana, wanda ya yi tawaye ya zama gwarzo, don kawai ɗaya fita ya yi ɗaya kuma shigowa.

Haka aka yi da Osimhen. A 2024, da 'yan Chelsea ke sa ran zuwansa, Napoli ce azzaluma mai riƙe ɗan mutane. Da ciniki ya watse ya tafi Galatasaray aro, sai labari ya juya: kwaɗayin albashi ne ya hana shi. Da Galatasaray ta saye shi a 2025 a kan Yuro miliyan 75, wasu suka ce ya kashe kansa a ƙaramar gasa. Babu ɗayanmu da ya ga takardar, amma kowa ya san abin da ke cikinta.

Abin da ya fi ƙona mini rai a nan shi ne, mun haddace farashin barin ƙungiya na 'yan wasan Turai har da sulalla, amma ɗan maƙwabcinmu da ya tafi gwaji Sakkwato ko Kano, babu wanda ya tambaye shi ko ya sa hannu a wata takarda, ko ya karanta ta, ko an ba shi kwafi. Wani ya zo ya ce shi dillalin 'yan wasa ne, zai kai yaro waje, a kawo kuɗin biza. Uba ya sayar da sa ko ya jinginar da fadama, daga nan waya ta daina shiga. 'Yan wasan gasar cikin gida kan yi watanni suna bin albashi, ba mu taɓa yin musun dare ɗaya a kansu ba. Mu nawa ne muka taɓa shiga filin Giginya don kallon Sokoto United, balle mu damu da yadda ake biyan yaranta? Ilimin kwantiragin nan da muke taƙama da shi, a nan ne yake da amfani, kuma a nan ne muka ajiye shi.

Sai babbar magana, wadda ta wuce wasa: zargin laifi. A nan ne shari'ar launin riga ta fi muni, domin mutuncin mutane ake taɓawa. A 2021 aka tuhumi Benjamin Mendy na Manchester City da fyaɗe. Masu adawa da City suka maida sunansa abin tsokana, suka gama ɗaure shi tun kafin a kira shaida. A 2023 kotu ta wanke shi daga dukkan tuhumar, a 2024 kuma wata kotun ma'aikata ta ce a biya shi mafi yawan albashin da aka riƙe masa. Wa ya dawo benci ya ce na yi kuskure? Sai ma aka juya, aka ce ai duk matan da ke kai ƙarar 'yan ƙwallo maƙaryata ne masu neman kuɗi. To, Robinho fa, wanda kotun Italiya ta yanke wa shekara 9, aka kai shi kurkuku a Brazil a 2024? Dani Alves kuma an same shi da laifi a 2024, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2025. Alƙalan da suka ga shaidu da idonsu ma sun saɓa wa juna, amma mu da muka ga guntun bidiyo a TikTok ba mu da ko shakka.

Thomas Partey an tuhume shi a Yuli 2025, kwanaki kaɗan bayan ƙarewar kwantiraginsa da Arsenal, kuma ya musanta a gaban kotu. 'Yan Arsenal da yawa suka ce makirci ne don shi baƙar fata ne, 'yan wasu ƙungiyoyin suka ce dama an daɗe ana rufa masa asiri. Dukkansu riga suke karewa. Achraf Hakimi kuwa, a 2023 aka yaɗa labarin wai ya sa dukiyarsa duka da sunan mahaifiyarsa don kada matarsa ta samu komai, labarin da ba a kawo wata takardar kotu da ta tabbatar da shi ba. Muka yi ta jinjina masa, muna kiransa ɗan albarka, yayin da tuhumar fyaɗen da aka yi masa a Faransa a 2023 ɗin, wadda ya musanta, ba ta ko shiga hirarmu ba. Mun zaɓi labarin da ya yi mana daɗi, mun bar wanda ke gaban alƙali.

Mu fa mutanen ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke kwance a Wurno ne, ƙasar da Shehu Abdullahi ya rubuta wa masu mulki Diya'ul Hukkam. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa zargin zina sai da shaidu 4, wanda ya yi ƙazafi kuma bulala 80 ce hukuncinsa. An koya mana cewa mai ƙara ana sauraronsa, wanda ake ƙara ma ana sauraronsa. Wannan karatu bai ce ban da ɗan ƙwallo ba, bai ce ban da Baturiyar da ba mu sani ba. Wanda ka kira mazinaci ba hujja da wadda ka kira maƙaryaciya ba hujja, dukkansu suna da haƙƙi a kanka, ko da ba za su taɓa jin sunan Giyawa ba.

Za ku ce ai duk raha ce, kuma son ƙungiya ba laifi ba ne. Haka ne. A yankin da 'yan bindiga suka hana mutane barci da noma cikin kwanciyar hankali, minti 90 ɗin nan da muke zama tare muna dariya ni'ima ce, kuma ba na son a rasa ta. Ku tsokani 'yan United a kan shekarun da suka yi ba kofin Firimiya tun 2013, ku tsokani 'yan Arsenal, ku tsokani 'yan Barca da 8 da 2 ɗin Bayern. Wannan duk halal ɗinku ne, ni ma ina ciki. Amma raha daban, ƙazafi daban, jifan mai usur kuma daban.

Don haka ga roƙona. Kafin ka ce an sayi alƙali, ka tambayi kanka ko za ka faɗi haka da ƙungiyarka aka busa wa. Manyan ƙungiyoyin garuruwanmu su tsaya su raka mai busa wasa har ya hau mashin lafiya, ko an ci su ko sun ci. Duk yaron da aka ce za a kai gwaji, wanda ya iya karatu a cikinmu ya nemi ganin takarda kafin uban ya taɓa garkensa. Maganar da ke gaban kotu kuma a bar wa kotu, a kame baki daga mai ƙara da wanda ake ƙara. Wanda bakinsa ke ƙaiƙayi, ga teburin gasa nan da sakamakon mako, ya yi ta musu har a kashe janareta, amma ya ƙyale mutuncin mutane.