Fim ɗin Sarki Rishar: abin da ya nuna da abin da ya rufe

Yau ba zancen takin gona ko na awon jarirai na kawo muku ba. Zancen wani fim ne da muka kalla ni da ɗalibaina, a wani ƙauye na ƙasar Mayahi inda nake koyar da karatun manya. Mun kalle shi dare biyu, a ƴar na'urata mai cin hasken rana. Maganarsa da Faransanci take, ni kuwa ina juya masu da Hausa.

Sunan fim ɗin King Richard, wato Sarki Rishar. An yi shi a Amurka a shekarar 2021. Labarin gaskiya ne na wani baƙar fata, Richard Williams, mu sai mu ce Rishar, da ɗiyansa mata biyu, Venus da Serena, waɗanda suka zama gwanayen duniya a wasan tanis.

Bari in fara da wasan, don da yawanku ba su taɓa ganinsa ba. Mutum biyu ne ke tsayawa cikin fili mai tsawon mita 24 ba kaɗan, da faɗin mita 8 da ɗoriya. A tsakiya akwai raga, tsayinta bai cika mita guda ba. Kowa yana riƙe da wani abu kamar rariya mai dogon mariƙi, ana ce masa raket. Da shi ake buga wata ƴar ƙwallo mai gashi-gashi, kamar girman lemu. Ka bugo ta tsallake raga, abokin wasanka ya maido. Wanda ya bari ta faɗi ƙasa sau biyu, ko ya buga ta waje, ya faɗi.

Ni dai wannan wasa ya shiga raina tun ina shekara 12. A 2002 ne, a Tasawa, gidan wani maƙwabcinmu mai tele. Na ga mata biyu baƙaƙe, ya da ƙanwa, suna karawa kan jar ƙasa a birnin Paris, Turawa dubbai sun zauna suna kallo. Ƙanwar ce ta ci. Washegari na sassaƙa katako, na ɗaura igiyar guga tsakanin bedi biyu, na samo tsohuwar ƙwallo cikin kayan gwanjo. Raket na gaskiya kuwa, sai da na je makarantar horon malamai sannan na riƙe shi, shi ma aro. Har yau ban ci ko dala da wasan nan ba, kuma ban daina ba. Na faɗi wannan don ku sani ba baƙo ne ke yi muku sharhi ba, masoyi ne. Masoyi kuwa ya fi kowa ganin aibi.

Ga yadda labarin yake. Rishar yana gadin dare. Matarsa Oracene, mu ce Orasin, tana aikin jinya. Suna zaune a Compton, wata unguwar talakawa ta jihar Kalifoniya, da ɗiya mata biyar cikin ƙaramin gida. Uku na matar ne da ta zo da su. An haifi Venus a 1980, Serena a 1981. Tun ba a haife su ba, uban ya ga wata mace a tele ta karɓi kuɗi masu yawa don ta ci wasan tanis. Sai ya zauna ya rubuta tsarin yadda zai koya wa ɗiyansa wasan, shafi 78. Ku duba kayenku mai shafi 100, ku gani: ya kusa cika shi. Kullum sai ya ɗauki yaran zuwa wani tsohon fili, ko ana ruwa. Ƴan iskan unguwa sun sha dukansa. Masu horo na gidajen attajirai sun sha yi masa dariya.

Duk wannan an saba ganin irinsa cikin finafinai: talaka ya sha wuya, ya daure. Inda fim ɗin ya kama ni daban ne.

Venus ta shiga gasar yara, ta yi wasa 63, ba wadda ta kayar da ita ko sau ɗaya. Kowa ya ce a tura ta gaba, kuɗi na jira. Sai uban ya ce a'a. A 1991 ya fidda su daga gasar yara baki ɗaya. Suka koma jihar Fulorida wurin wani mai horo, Rick Macci. Shekara uku suna koyon wasa, suna zuwa lakwal, ba su shiga gasa ba. Mai horon kamar ya yi kuka. Dalilin uban shi ne ya ga yadda ake matsa wa yara har su karye. Fim ɗin ya nuna mana wata yarinya, Jennifer Capriati, wadda ta fara wasan kuɗi tana shekara 13, kafin ta cika 20 ta shiga wahala har ta bar wasa na ɗan lokaci.

A watan Oktoba na 1994 Venus ta yi wasanta na farko da manya, tana shekara 14. Ana gobe wasan, mutanen wani kamfanin takalma suka zo da tayin dala miliyan 3. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Sharaɗinsu, a sa hannu yanzu-yanzu, kafin ta buga. Gidan da yara biyar suka tashi suna kwana ɗaki guda, ga wannan dukiya a gabansu. Uban ya juya ya bar yarinyar ta yi magana. Suka ƙi. Bayan ƴan watanni, kamfanin Reebok ya ba ta miliyan 12, kusan sefa miliyar 6 a canjin wancan lokaci.

Da na juya wannan wuri da Hausa, ajin ya yi tsit. Ban ce komi ba, amma kowa ya san abin da ke ransa. Mu ma nan ana zuwa da tayi a kan yarinya mai shekara 14. Ba na takalma ba ne. Gero ya ƙare a rumbu, ga mai kuɗi a ƙofa, ga yarinya tana aji shida. Wani dattijo ya ce mini: «Malam, shi ya ƙi ne don ya san za a ƙara.» Gaskiyarsa, akwai lissafi a ciki. Amma shekara ukun nan da ya hana gasa, ba wanda ya yi masa alkawarin komi. Abin da na yaba wa fim ɗin ke nan: ya nuna uba wanda ya ga ƴarsa tana da daraja, bai yi gaggawar maida ta kuɗi ba.

Na kuma yaba ƙarshensa. Ba da kofi ya ƙare ba. Venus ta ci wasan farko, ta haɗu da Arantxa Sánchez ta ƙasar Espanya, ɗaya daga cikin gwanaye biyu na duniya a lokacin. Yarinyar ta fara rinjaye, sannan aka juye ta, ta faɗi. Duk wanda ya taɓa riƙe raket ya san wannan ciwo: kana gaba, sai hannunka ya yi nauyi. Sai a rubuce ne, can ƙarshe, aka faɗi abin da ya biyo. Venus ta ci gasar Wimbledon ta Ingila sau 5. Serena ta ci manyan kofunan duniya 23 kafin ta aje raket a 2022.

To, yanzu ga inda ban yarda da fim ɗin ba.

Sunansa ma ya isa ƙorafi. Sarki ɗaya aka naɗa, alhali gidan mutum biyu ke ɗauke da shi. Lokacin da mai horo na farko ya ce Venus kaɗai zai ɗauka, wa ya koya wa Serena? Uwar. Ta dawo daga aikin jinya, ta ɗauki yarinyar zuwa fili. Wato wadda ta fi cin kofuna cikin su biyun, a hannun uwa ta yi wannan zango. Akwai wuri ɗaya, cikin madafa, inda Orasin ta tsaya ta faɗa wa mijinta gaskiya: shi ke magana a bainar jama'a, ita ke aikin da ba a gani. Nan ne wuri mafi daɗi cikin fim ɗin duka, kuma minti kaɗan ne. Will Smith, wanda ya fito a matsayin uban, ya samu babbar kyautar Oscar a 2022. Aunjanue Ellis, wadda ta fito uwar, an sa sunanta cikin ƴan takara, ba ta samu ba. Wata ɗalibata mai jikoki ta ce: «Malam, ashe can ma haka ne? Mu daka, mu dama, a ce furar maigida.» Matan suka yi ta dariya, mazan ba su yi ba.

Sai maganar talauci. Da aka nuno gidan Rishar na ce masu talaka ne, wani manomi ya tambaye ni ko na yi kuskuren fassara. Talaka da mota? Da lantarki? Ban ga laifinsa ba. Kuma abin ya wuce mota. Filin da suke zuwa, duk da tsufansa, na hukuma ne, an dafe shi, an ɗaura raga, kowa na iya shiga ba biya. Fim ɗin ya wuce wannan kamar ba komi, ya bar mai kallo da zaton ƙwazon uba kaɗai ya isa. Ni da na yi shekara 20 ina neman wurin buga ƙwallo na san ba haka ba ne. Jefa ƙwallon tanis cikin rairayin Mayahi, ba ta tashi, nan take mutuwa. Kokowa rairayi take so, rairayi kuwa kowane gari akwai shi. Shi ya sa Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, kuma har gobe ba za mu rasa ƴan kokowa ba. Tanis daɓe yake so. Inda ba daɓe, ko shafi dubu ka rubuta, a aljihu zai tsaya.

Shafi 78 ɗin ma, an yi ta ambatonsu, amma ba a buɗe mana su mun karanta ba. Ni malamin karatu, wannan ya ba ni haushi. Me ya rubuta a shafin farko? Ina ya yi kuskure ya goge? Da an nuna, da na samu darasin mako guda.

Ku kuma sani, Venus da Serena da yayarsu Isha suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin fim ɗin. Ɗiya kuwa ba ta tona asirin ubanta a kasuwa. Rishar yana da wasu ɗiya da ya bari a auren farko. Da baki ɗaya aka ambace su, aka wuce. Uwaye nawa ne suka matsa wa yara irin haka, yaran ba su zama komi ba, sai ciwon gwiwa da ɓacin rai? Ba wanda ya yi masu fim. Labarin farauta, wanda ya kaso ne ke ba da shi. Sannan ya yi tsawo, kusan awa biyu da rabi, kuma ga mai son wasan kamata, ba a bar ƙwallo ta yi yawo ba. Da an buga biyu, sai a juya a nuno fuskar uban.

Duk da haka, in ya zo hannunku ku kalla, maza da mata tare, da wanda zai juya muku magana. Ku sa ido kan uwar, ko ba ita ke magana ba.

Dare na biyu, ƴata mai shekara 9 tana zaune kusa da ni, ba ta yi barci ba har aka gama. Da safe ta ɗauko tsohon raket ɗina, ya fi hannunta girma. Akwai wani daɓen siminti a bayan ɗakin ajiyar hatsi na garin, bai kai rabin fili ba, ya tsattsage. Na nemi izinin mai gari, ya ce mu yi, in dai ba lokacin awon hatsi ba. Mun share shi, mun ɗaura igiya. Yara bakwai ke zuwa bayan la'asar, huɗu mata. Ƙwallonmu biyu ne, ɗaya ta fara sanƙo.