Masu Bin Sawun Tsofaffin Finafinan Hausa

A garin Riko da ke ƙaramar hukumar Jibiya, kusa da iyakar Nijar, yaro zai miƙa waya ga mai tura finafinai, a zuba masa Sangaya ko Wasila da kuɗi kaɗan. Shekarun baya kuwa kaset-kaset ne ake lodawa daga Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, su ratsa Jibiya zuwa Maraɗi.

To, fim ɗin na wane ne?

Nan ne aikin masu bin diddigin haƙƙin mallaka ya cancanci jinjina. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, yawancin cinikin finafinan Hausa da baki aka ƙulla shi. Furodusa ya buga kwalaye ya kai wa 'yan kasuwa, su kuma su kwafi kaset su sayar. Wani ya sayar da ainihin kaset ɗin ɗungurungum don ya biya bashi, ba takarda, ba shaida sai Allah.

Masu bin diddigin nan sukan zauna da tsohon kwali da rana ta dusashe, suna karanta sunan kamfani da lambar wayar da ta daɗe da mutuwa. Su leƙa rajistar Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, su nemi dattawan ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN, idan furodusan ya rasu su je gidansa su gaisa da magada. Sai an tabbatar da mai shi sannan kuɗin da YouTube ke biya kan fim ɗin ya isa hannunsa ko na marayunsa.